Tarkacen Bayan Kwalli

Kwalli ta mutu ranar Talata, bayan ta yi shekara goma sha ɗaya a gidan. Farar kyanwa ce, baƙi ya zagaye idanunta, shi ya sa Inna ta raɗa mata wannan suna. Ita kuwa Inna shekararta biyu da rasuwa. Tun da aka binne kyanwar a gindin katanga, Baba ba shi da aiki sai zama a kujerar tsakar gida da tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, yana kallon hoto ɗaya tak.

Auta malamar makaranta ce, kuma tun tana yarinya ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ta leƙa ta bayan kafaɗar mahaifinta ta ga hoton: Kwalli zaune a tabarma, ta ɗaga kai sama. Bayanta kuwa shirgi ne, ga bokiti, ga tsintsiya, ga takalmi wari ɗaya, ga shanya ta zubo ta cinye gefe guda. Hoto mai kyau an ɓata shi, in ji ta a ranta. Ta ƙudura za ta sa a gyara, a wanke shi babba, a saka a firam. Sai ta ce wa Baba za ta kai wayar a canza mata gilashi.

Shagon mai hoto tsukukke ne, tsakanin tela da mai gyaran waya. Jikin bango cike yake da hotunan amare da jarirai, kowa da shuɗin bango iri ɗaya a bayansa. Mai hoton ya zare memorin wayar ya cusa a kwamfuta, Kwalli ta cika allon.

"Kai, wannan hajiyar ta ci ta ƙoshi," in ji shi. "Anti, me za a yi mata? A sa mata sarƙa?"

"Ka cire duk tarkacen bayan nan, Malam. Kyanwar kawai nake so."

Wayarta ta yi ƙara, shugabar makaranta ce ke neman takardun jarrabawa. Auta ta juya baya tana amsawa. Ta ji mai hoton yana cewa, "Har wannan na gefen?" Ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba.

"Har shi. Duka."

Bayan kwana uku ta shigo gida rungume da firam, da waya mai sabon gilashi. Kwalli ta fito fes, kowane gashi a bayyane, bayanta shuɗi sumul. Ta ɗora a cinyar Baba tana murmushi.

Baba ya sa tabarau. Bai kalli kyanwar ba, idonsa ya tafi kusurwar sama ta dama ya tsaya. Ya karɓi wayar, ya buɗe hoton. Nan ma shuɗin ne.

"Auta, ina hannun?"

"Wane hannu, Baba?"

"Hannun Innarku. Nan, kusa da shanya. Tana miƙo mata kwano, shi ya sa ta ɗaga kai. Har tabon ƙunar nan na wuyan hannunta ana gani."

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Abin da ya rage sai ɗan hoton katin shaida, wanda Baba ke cewa ba matarsa ba ce, wata ce aka tsorata. Ashe duk zaman nan da yake yi ba kyanwa yake kallo ba.

Ta ɗauki wayar, ko takalmi ba ta ɗaura da kyau ba ta koma shagon. Ta tarar da mai hoton yana rage wa wani ango tumbi a kwamfuta.

"Malam, ina hoton farko? Na ainihin, kafin ka taɓa shi."

"Ai shi ne wannan, Anti. A kansa na yi aikin, na ajiye a kansa."

"Ba ka kwafe shi ba?"

"A kwafa a kai ina? Kwamfutar nan da ƙyar take numfashi. Haka muke yi, shekara tara ke nan, ba wanda ya taɓa dawowa neman bokiti."

"Haka kuke yi!" Muryarta ta tashi har tela ya tsayar da keke ya leƙo. "Mutum ya ba ka abu ɗaya tak da yake da shi a duniya, ka goge, ka ce haka kuke yi? Kwafi ɗaya fa, ko minti ɗaya ba zai ci maka ba! Hannun mahaifiyata ne ka share. Ta rasu."

Mai hoton ya sauke hannu daga tebur. "Allah ya jiƙanta. Wallahi na ga hannun. Na ma tambaye ki, kika ce har shi."

Auta ta tuna kiran shugaba, ta tuna yadda ta ɗaga masa hannu tana ba shi ƙeya.

Suka kira mai gyaran waya. Ya sa memorin a tasa na'urar, ya daɗe yana dannawa, ya tono tsoffin hotunan da aka goge tun bara: rasit, rufin ɗaki, babban yatsan Baba. Na Kwalli bai fito ba. Ya ce wanda aka goge ana iya samowa, wanda aka rubuta wani a kansa kuwa ya tafi.

Mai hoton ya sosa ƙeya, ya yi ƙasa da murya. "Anti, akwai dabara. Ina da hannuwa kala-kala a nan. Ki zaɓi wanda ya yi kama, na ɗora, na zana masa tabon. Tsoho ne, ba zai gane ba."

Ta dube shi. Da gaske yake yi, taimako yake nufi, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Shekara arba'in da biyu yana cin abinci daga hannun nan," in ji ta. Ta karɓi memorin ta fita.

A gida ta tarar da Baba inda ta bar shi, firam ɗin a cinyarsa. Ta durƙusa a gabansa.

"Ba a samu ba ko?" in ji shi.

Ta girgiza kai.

"To. Tashi, ƙasa da sanyi." Ya goge gilashin da bakin rigarsa. "An gyara ta kam, ta yi kyau. Sai dai yanzu ban san me take kallo ba."

Ya ɗora babban yatsansa a kan shuɗin, daidai kusurwar da Kwalli ta ɗaga kai take duba, ya bar shi a wurin. Auta ta zauna a tabarma kusa da ƙafarsa. A bakin rariya bokitin nan yana nan inda yake, da tsintsiyar jingine a jikinsa.