Babur a Bayan Gidan Alhaja

Mariamu na durƙushe da sifana a hannu, tana ɗaure notin ƙarshe na salansa, sai ta ji ƙarar amalanke ana turo shi ta lungun gidan. Ba ta ɗago ba. Tun jiya Alhaja, mai gidan da suke haya a Agege, ta gaya mata mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo.

"Ƙara," in ji mijinta Idrissa daga kan kujerarsa. Kalmar ta fito a karkace, kamar yadda duk maganarsa take fitowa tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara. Ta ƙara jan sifanar har notin ya ƙi motsi. Ya gyaɗa kai.

Babur ɗin ya girmi aurensu. Dogo ne, mai tayoyi masu ƙuraje da tanki kamar tulu, irin wanda Turawa ke ratsa hamada da shi. Idrissa ya san irinsa tun yana saurayi a wani gareji a Agadez, kafin ya gangaro Ikko ya kama gadi. Ran da ya ga gawar wannan a bayan wata masana'anta a Ogba, ciyawa ta tsiro ta cikin tayoyinsa, bai iya cin abinci ba sai da ya jawo shi gida. Mariamu ta yi faɗa a lokacin. Duk 'yan okada na neman ƙaramin babur mai shan mai kaɗan, shi kuwa ya kwaso abin da fasinja sai ya taka tsani zai hau.

Ya wargaza shi gaba ɗaya, ya zuba sassan a kwanuka, sannan ciwo ya kayar da shi. Da suka dawo daga asibiti sai ya zama ba ya kallon kowa, ba ya son magana, sai dai ya zauna yana duban kwanukan. Wata rana tana wanke robobin zoɓon da take sayarwa, ta ɗauki wani ƙarfe mai haƙora ta wanke da kananzir, don kawai ta ga ko mijin zai motsa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna mata abokinsa. Daga nan aka fara. Shi ke nunawa, ita ke ɗaurawa. Abin da ba su da halin saye kuwa suka ƙirƙira. Ta yanka kwalin madara ta yi abin da ke hana mai zuba tsakanin ƙarafa, ta yayyanko soson tsohuwar katifa ya zama matatar iska, ta ɗinke wurin zama da tamfol. Robar da ke kai fetur daga tanki ma, ta ƙarin ruwan da aka yi wa Idrissa ce.

"Salamu alaikum. Ina kayan?"

Ya'u ne, ƙaton mutum mai guduma a kafaɗa, wanda ke bin gidaje yana sayen ƙarfe a kan sikeli. Alhaja na biye da shi, ta ɗaura ɗankwali babba, tana riƙe da sabuwar wayar salular da ɗanta ya saya mata, wadda ba ta ajiyewa ko da za ta shiga banɗaki.

"Iya Nafissa, sannu da aiki," in ji ta da Hausarta mai kaurin Yarbanci, tana kiran Mariamu da sunan 'yarta. "Na yi haƙuri da ku, Allah ya sani. Amma gobe masu gini za su zuba yashi a nan. Wannan abu ya tafi yau."

"Alhaja, ai an gama shi. Yanzun nan na ɗaure na ƙarshe."

"Tun azumi nake jin an gama. To, in mashin ne, ya tashi ya fita da ƙafarsa, ku riƙa ajiye shi a zaure kamar na kowa. In bai tashi ba, bola ne."

Mariamu ta dubi mijinta. Ba ya kallon Alhaja, gudumar yake kallo. Ta san in gudumar nan ta sauka a kan tankin, zai koma ɗaki ya juya fuska ga bango, kuma ba ta da wani abin da za ta sake jawo shi waje da shi.

Matsalar ita ce babu mai tayar da babur ɗin. Sandar da ake takawa tana can sama kusa da ƙugunta, kuma tana son nauyin namiji. Ta juya wajen mai amalanken.

"Malam Ya'u, don Allah ka taɓa tuƙa babur?"

Ya yi dariya. "Hajiya, na yi acaɓa a Gusau kafin in zo nan. Amma ni saye na zo yi, ba tayarwa ba."

"Taka mana shi kawai. In ya ƙi, ka ɗauka."

Ya zagaya babur ɗin, ya ga kwalin madara na leƙowa ta gefen injin, ya ga robar asibiti, ya girgiza kai. Amma ya ajiye gudumar. Mariamu ta juye fetur ɗin da ta sayo a kwalba cikin tankin, ta buɗe wa man hanya. Ya'u ya hau, ƙafarsa ɗaya da ƙyar take taɓa ƙasa, ya ɗaga ɗayar ya danna da dukan ƙarfinsa. Sandar ta dawo da shi kamar jaki ya yi harbi. Sai ga shi a ƙasa yana riƙe da idon sawu, yana salati.

Matan gidan da suka fara leƙowa suka kwashe da dariya. Alhaja ma sai da ta rufe baki.

"A'a," in ji Idrissa. Ya ɗaga hannun hagu yana matse yatsu a iska. "Ƙarami. Ja."

"Yana nufin wannan ɗan ƙaramin hannun da ke ƙarƙashin kulochi," in ji Mariamu. "Ka ja shi, ka taka a hankali har ka ji ya yi tauri, ka wuce kaɗan, ka sake shi. Sannan ka buga."

Ya'u ya miƙe, ransa ya ɓaci, amma da babur ɗin yake fushi yanzu. Ya tuɓe riga ya sake hawa. Ya buga, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya buga, ya sake bugawa, har gumi ya jiƙe masa wando, warin ɗanyen fetur ya cika bayan gidan. Alhaja ta dubi rana, ta dubi wayarta.

"Buji," in ji Idrissa.

"Fulogi yake cewa," ta fassara wa Ya'u, domin a Nijar haka suke kiransa. Ta kwance shi, ta same shi jiƙe sharkaf da mai. Ta ruga wajen murhunta, ta riƙe shi da awartaki a kan garwashin da take dafa zoɓo har ya bushe, ta goge bakinsa da gefen zaninta, ta mayar yana ƙona mata yatsu.

"Bismillah," in ji Ya'u. Ya ja ƙaramin hannun, ya lalubo wurin, ya tashi sama ya faɗo da nauyinsa duka.

Ƙarar da ta fito ba irin ta baburan titi ba ce. Mai kauri ce, a rarrabe, kowane bugu da nasa nauyin, har Mariamu ta ji shi a ƙirjinta kafin kunnenta. Kwanon rufin rumfar da ke bayan gidan ya ɗauki rawa. Kaji suka watse, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, tsatsar da ta shekara cikin salansa ta fito tana tartsatsi. Alhaja ta ɗora hannu biyu a ka, waya da komai, tana kiran sunan Allah da Yarbanci.

Mariamu ta tsaya da awartaki a hannu ta kasa motsi. Babu wani abu a cikin injin nan da ba ta riƙe a tafin hannunta ba. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya a bahon wankinta, sanyi ƙalau, matattu kamar cokula. Yanzu ga su can a ciki inda ido ba ya gani, suna gudu tare, kowanne na ba ɗan'uwansa hanya a daidai lokacinsa, suna cin wuta suna fitar da numfashi. Tsigar jikinta ta tashi. Duk labaran da Idrissa ke ba ta na tuddan yashi da baburan da ke hawansu kamar ba su da nauyi, a da tana jin su ne kamar ƙarin gishirin maza. Ta juya ta dube shi. Ya miƙe zaune sosai, abin da bai yi ba tun asibiti, hawaye na bin ɓangaren fuskarsa da ba ya motsi.

Ya'u bai nemi izinin kowa ba. Ya sa giya, ya bi ta lungu ya fita, mutanen gidan suka dafa masa baya. Daga bakin ƙofa Mariamu ta ga ya nufi layin dogo, inda babu mai babur ɗin da ke bi sai ya sauka ya tura. Bai sauka ba. Babur ɗin ya haye tsakuwa, ya haye ƙarafan jirgin kamar ba su nan, ya tsallake kwatar da ke ƙetare, tayoyinsa biyu duka a sama na ɗan lokaci. Masu goro da ke zaune a rumfunansu suka miƙe tsaye. Wani kwandastan motar haya ta danfo ya manta da kiran fasinjojin Oshodi, ya bi shi da ido baki buɗe.

Da ya dawo ya tsaya a gaban kujerar Idrissa. Bai kashe injin ba.

"Baba, wallahi ban taɓa hawa abu irin wannan ba," ya ce da ƙarfi don a ji shi. "Ban san ana yin irinsa ba. Da yau na sa masa guduma, da ban yafe wa kaina ba."

Alhaja ta matso, ta taɓa wurin zaman da yatsa ɗaya kamar mai tsoron ya cije ta. "Ku kai shi zaure," ta ce. "Kusa da ƙofata, inda zan riƙa ganinsa. Iya Nafissa, ke ce kika yi wannan?"

Mariamu ba ta ji tambayar ba. Ta karkata kai tana sauraro. A cikin bugun injin akwai wata 'yar tangarɗa, yana tafiya daidai sai ya yi kamar zai shiɗe, sannan ya farfaɗo. Idrissa ma ya rufe ido, ya fara ɗaga hannun hagu zai nuna mata wurin. Kafin hannun ya kai, ta riga ta ɗauki sukudireba ta durƙusa, ta lalubo ɗan ƙaramin sukurun da ke gefen kafireto, ta murɗa shi kaɗan. Bugun ya daidaita.

Idrissa ya buɗe ido ya dube ta. Sannan ya mayar da hannun kan cinyarsa, ya jingina, ya ci gaba da sauraro.