Bencin Bakin Ƙofa

Mushe Nomau, malamin makaranta, ya jingina wayarsa da gwangwanin alli a kan tagar bayan aji, ya danna jan ɗigon ɗaukar bidiyo kamar yadda aka nuna musu, ya koma wurin tsayuwarsa. Wurin nan kuwa babu wanda bai san shi ba a lakwal ɗin, makarantar boko ta Tudun Gawo: bakin ƙofa, kafaɗar hagu jingine da katako, inda 'yar iska ke shigowa da bazara. Shekara ashirin da shida yana tsayawa nan, har katakon ya yi baƙi ya yi santsi daidai tsayin kafaɗarsa.

Wannan horo na cikin waya bai taɓa kwanta masa ba. Duk mako sai a turo wa malaman yankin Hamdara darasi da tambayoyi, ƙarshen wata kuma kowa ya ɗauki kansa yana koyarwa na minti ashirin, ya aika wa mai ba malamai shawara a Damagaram. Ita za ta zaɓi ɗaya a kalla a taron malamai na Mirriya. Nomau ya ce wayar da bai fi shekara biyu da sayenta ba ita za ta koya masa riƙon alli, ai duniya ta zo ƙarshe. Abu ɗaya ya sa ya bi: mai shawarar, Madam Fanta, tsohuwar ɗalibarsa ce a ajin nan. Duk wanda ya zauna da shi tsawon shan shayi ɗaya ya san wannan, don Nomau ba ya barin a tashi bai faɗa ba.

Sauran malamai sun kwana uku suna bita da yara kafin su ɗauka. Shi bai yi ba, da tsohuwar zuma ake magani. Ya koyar da rabawa yadda ya saba, murya tangaram, misali da buhunan gyaɗa, yara saba'in da huɗu suna ƙyasta yatsu suna "mushe, mushe" don ya kira su. Da aka tashi ya hau tudun bayan lakwal inda waya ke kama rezo, ya aika ba tare da ya kalla ba. Me zai kalla? Ai yana wurin aka yi.

Ran Talata amsa ta zo. Nasa aka zaɓa, za a nuna ran Asabar gaban malamai sittin. Sai da ya karanta wa Kyari, daraktan lakwal, saƙon sau biyu kafin ya lura akwai magana a ƙasa. Madam Fanta ta roƙe shi ya kalli bidiyon tukuna, ya zana ajin a takarda, ya ɗiga alama a mazaunin duk yaron da ya kira, kamar yadda darasin mako na uku ya koyar. Darasin mako na uku dai Nomau bai buɗe shi ba. Ya yi dariya, amma da aka fita hutu ya zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da takarda a cinya, don dai ya ce ya yi.

Minti biyar na farko ya ji daɗin kansa. Daga nan idonsa ya sauka daga kan fuskarsa zuwa gefen kafaɗarsa.

Akwai wani dogon benci jikin bango, dab da ƙofa. Yaran ƙauyukan bayan tafki ke zama a kansa, waɗanda suke tafiyar awa guda a ƙasa, su iso an gama kiran suna, su sulale su zauna inda ya fi kusa. Ya san da bencin, kamar yadda mutum ya san yana da ƙeya. Abin da bai sani ba shi ne, in ya jingina a wurinsa, bencin gaba ɗaya bayansa yake. A ƙarshen bencin wata yarinya mai koren hijabi ta ɗaga hannu a tambaya ta farko. Ta ɗaga a ta biyu. A ta huɗu ta ɗaga allonta sama da hannu biyu, arba'in da bakwai a rubuce ɓaro-ɓaro, amsar da sai da ya bi yara uku na gaba kafin a samo ta. Ya ji muryarsa tana faɗa wa ajin cewa yau kawunansu sun toshe, alhali allon yana bayan kunnensa.

Ya ƙirga, sau tara ta ɗaga. A tambaya ta goma ba ta ɗaga ba, ta goge allon da gefen hijabinta ta ajiye a cinya. Ya dubi takardarsa: ɗigo ashirin da uku, duka a tsakiya da gefen taga, gefen ƙofa fari fat. Kunya ta rufe shi har ya kifa wayar a ƙasa, kamar wani zai leƙo. Ya sake kallo sau biyu ko zai ga ya waiwaya ko da sau ɗaya ne. Bai waiwaya ba.

Malamai sittin za su ga wannan, har da yaran da suka fara aiki bara, waɗanda yake yi wa gori da riƙon aji. Laraba da rana babu karatu, sai ya hau babur ya nufi Damagaram.

Ya sami Madam Fanta a ofis, fanka na kaɗa takardu. Ta tashi ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta, ta sa aka kawo ruwa mai sanyi. Ya yi ta kewaye-kewaye, zafin bana, lalacewar hanya, kafin ya fito da abin da ya kawo shi: ta janye bidiyon, zai ɗauki wani gobe, wanda ya fi wannan. Ta ce in haka yake so za ta janye, ba za ta nuna abin da bai yarda ba. Sauƙin amsar ya ƙara ba shi haushi. Ya tambaye ta, cikin bidiyo arba'in ba ta ga wanda za ta tona wa asiri ba sai malaminta?

Ta ce ba tonon asiri ta nufa ba. Kusan kowane aji yana da kusurwar da malami ba ya gani, amma sauran sun yi bita, sun dasa masu amsa ko'ina, ba abin da za a koya a nasu. Nasa ne kawai ajin gaskiya. Kuma in matasan malamai suka ga abin ya faru ga Mushe Nomau, kowa zai koma ya duba nasa ajin.

"Ni da na koyar da ke," in ji shi. "Ni da nake faɗa ko'ina daga hannuna kika fito."

"Daga hannunka na fito, Mushe, ban taɓa musu ba. Ka tuna inda nake zama?"

Ya ce a gaba mana, kusa da tablo, babban allon aji, ina kuwa yarinya mai kai irin nata za ta zauna. Yana faɗa yana neman fuskarta a sahun gaba na shekarun nan, bai same ta ba.

"Mu 'yan bayan tafki ne," in ji ta. "Shekara biyu na yi a bencin nan. Bayaninka yana fita sosai, muna ji. A bayanka na koyi rabawa."

Babu ɗaci a muryarta, kuma da akwai da ya fi masa sauƙi. Ya juya kofin ruwan a hannunsa. Bai so ya tambaya ba, amma bakinsa ya riga shi.

"Na taɓa kiran ki?"

"Sau ɗaya. Akuya ta shigo aji, ka ce ke ta bakin ƙofa, kore ta."

Ta yi murmushi don ta rage masa nauyi, shi kuwa ya kasa ɗaga ido. Shekara goma sha ana jin sa yana tutiya da yarinyar nan, a majalisa, a wurin suna, a gaban darakta bayan darakta, ashe abin da ya ba ta bai wuce bayansa da akuya ba. Ya shanye ruwan don ya samu abin yi. Da ya miƙe ta sake tambayar sa ko ta janye. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe, sannan ya ce ta bar shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya roƙi abu ɗaya, ta sa shi ya zauna a baya ran Asabar.

Alhamis da safe yara suka shigo suka tarar da abin da ba su taɓa gani ba: Mushe a gefen taga, rana na dukan wuyansa, ƙofa wayam. Suka yi ta kallon juna. Ya kira suna ya fara darasi, gumi na bin bayansa. Can 'yan bayan tafki suka iso da ƙura a ƙafafu, suka tsaya turus ganin babu kafaɗar da za su raɓa, sannan suka sulale kan bencinsu. Su goma sha ɗaya ne. Bai taɓa ƙirga su ba.

Ya rubuta lissafi a tablo, ya juyo. Yatsu suka fara ƙara a gaba da tsakiya, ya yi kamar bai ji ba. Ya jira. Hannun mai koren hijabi ya taso a hankali, rabi-rabi, irin ɗagawar wanda ba ya sa ran komai.

Ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tarar ba shi da abin kira. Sunaye saba'in da huɗu yana da su a ka, a jere, yadda suke a littafi, amma bai san wanne ne nata ba. Ajin ya yi tsit yana jira.

"Ke," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mai koren hijabi."

Yarinyar ta waiwaya bayanta don ta ga da wa ake. Babu kowa a bayanta sai bango.