Mai Jan Zare

Dogo na tsugune a lambun bayan gida, yana ɗaga ganyen farin kabeji a hankali kamar mai duba jarirai. Tun da ya fara tara iri da kansa abu ɗaya ke ɗaure masa kai: uwa ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma kowane tsiro da halinsa. Wani ya yi saurin fid da kai, sai ya yi rawaya. Wani ya cika ganye, kan kuwa bai fi dunƙulen hannu ba. Ya lura mai naɗe kansa cikin ganye shi ke fita fari tas, sai dai jinkiri gare shi.

Bana ya dace da guda da ya haɗa duka, ga sauri, ga naɗi, ga girma. Ya ɗaura masa jan zare. Kowa a gidan ya san mai jan zare ba a yanka shi. Barinsa ake ya yi fure ya ba da iri. Sauran ne na tukunya.

Da ya kai ƙarshen layi, kututture ya tarar. Zaren na yashe a ƙasa.

A kicin ya sami yayar matarsa, wadda ta sauka da safe, tana juya tukunya.

"Yaya, wa ya shiga lambu?"

"Ni ce. Na ga har alama ka sa wa mai kyaun, na ce kai, ƙanen nan nawa ya san darajar baƙo!"

Matarsa ta dafe kai. "Wayyo, ban gaya mata ba."

"Na iri ne, Yaya," in ji Dogo a hankali. "Irinsa babu a shago. Shi ke nan guda."

Yaya ta ajiye ludayi. "Tsaya. Wato mai kyau ka bar shi ya tsufa a tsaye, ku ci ragowa?"

"Haka aikin yake."

"Shi ya sa ka ƙi yin ƙiba."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Ta zuba masa, ya karɓa don kunya. Loma ɗaya ya yi ya dakata. Babu ɗan ɗacin nan da ya saba ji, sai garɗi. Duk shekarun nan yana duba launi da girma, bai taɓa sa na zaɓensa a baki ba. To naɗin ganyen ne ya kawo daɗin, ko shi ma halinsa ne daban?

Ya koma lambu da kwanon a hannu. Ashe a sama Yaya ta yanka, ta bar ganyen ƙasa. Ya mayar da zaren jikin kututturen.

"Zai yi?" Yaya ta tambaya daga bayansa.

"Ban sani ba. Wani kan yi toho."

Ta ɗauki bokitin ban-ruwa. "To matsa. In ya yi, a iri nake son rabona."