Shatin Hannu a Kan Bonet

Shekara goma sha tara ina goge fentin mota da inji mai juyi ɗaya. Injin nan ba ya ɗaukar raini: ka ɗan shagala, ya ƙone fenti har ƙarfe ya leƙo. Halinmu ɗaya ni da shi, shi ya sa muka daɗe tare.

Wata biyar da rasuwar mijinta, yayata ta sa aka jawo motarsa garejina. Baƙa ce, fentin ya sha rana ya yi siriri. A kan bonet, wato murfin gaban motar, ɓangaren direba, akwai shatin tafin hannu, daidai inda marigayi yake dafawa kullum in yana jiran ta gama shiri.

"Ƙanena, cire min wannan," in ji ta. "Na kasa shiga motar. Da na gan shi sai ƙafata ta ƙi ɗaguwa."

Tausayinta ya kama ni. Na san tsohon injina zai cinye shatin ya haɗa da fentin, don haka na haɗiye girman kaina na nufi shagon kayan aiki.

Mai shagon yana ganina ya washe baki. "Yau kai ne da neman mai juyi biyu? Ba kai kake ce masa injin ragwaye ba?"

"Nuna min, ka rage surutu."

Ya ajiye guda biyu a kan kanta. Dukansu suna juyawa suna kuma lilo, ba sa tsayawa wuri ɗaya balle fenti ya ɗau zafi. Ɗaya lilonsa babba, don saurin aiki. Ɗayan ƙarami, a hankali yake ci. Na ɗauki ƙaramin, da soso mai laushi.

Da hantsi na fara. Na rufe ƙofar gareji saboda ƙura, na kunna doguwar fitila. Zagayen farko, duk ƙananan karce suka ɓace, baƙin ya fito fes. Shatin yana nan. Na sake bi. Da na share man gugar da tsumma, sai ga zanen tafin hannun ya fito, layi-layi, wanda ɗazu babu shi. A karo na uku har gurbin zobe na gani.

Gumi a saman fenti yake ci, kowane mai guga ya san haka. Wannan a ƙarƙashi yake, ni kuwa hanya kawai nake buɗe masa. Na taɓa bonet ɗin, ko'ina sanyi ƙalau. Na taɓa tafin, ɗumi, kamar yanzu aka ɗauke hannu. Na kashe injin, na buɗe ƙofa har ƙarshenta.

Da yayata ta dawo ban ɓoye mata ba. "Yaya, ya ƙi fita. Sai dai in kankare wurin har ƙarfe, a sake fenti. Ki ce in yi, yanzu na yi."

Ta daɗe tana kallon shatin. Na miƙa mata makulli, ba ta ko dubi hannuna ba.

"Na bar shi yana ta jira," ta ce a hankali.

Ta zagaya, ta buɗe ƙofar kujerar mai zaman banza, ta gefen direba, ta shiga. Ta gyara mayafinta, ta ɗora jaka a cinya, ta ja ƙofar ta rufe.