Rabin Majigi a Ƙofar Kware

Jibrin mai inji ya toshe tagar sito da tsohon bargo, ya ɗaura faifan ƙarshe, ya kunna. Haske ya faɗa a bango, Turawan jiya suka sake fitowa da dawakinsu da dogayen hulunansu, suna ta zuba Faransanci. Dodo ya zauna a kan akwati ya zuba ido. Aikinsa ke nan a ofishin majigi, ya tsaya bakin lasifika ya gaya wa jama'a da Hausa abin da ke gudana a farin ƙyalle. Faransanci dai ko gaisuwa bai iya ba, amma Allah ya hore masa baki. Da ya kalli fuskar mutum sai ya sa masa magana, ya raɗa masa sunan wani ɗan gari, jama'a su yi ta dariya har da riƙe ciki.

A ƙa'ida yakan kalli majigi tun da rana kafin a nuna shi. Wannan kuwa aro aka yi daga Ƙwanni, ƙetaren iyaka, saboda shagulgulan mulkin kai, kuma jiya sai da la'asar sakaliya ya iso, aka wuce da shi filin Ƙofar Kware kai tsaye. Dodo ya ce ba komai, shi da ya saba. Cikin majigin akwai wani hafsan soja dogo, na hannun daman sarkinsu. Da abokan gaba suka kama sarkin, sai ga hafsan nan ya tuɓe kakinsa, ya tafi sansaninsu ya miƙa takobi, har suka ba shi kujera. Dodo ya duba sahun gaba, ya hangi Saje Mode, tsohon soja mai awon gero a kasuwa, a zaune da lambobin yaƙi a ƙirji. Mode taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tun suna yara suke tsiya da juna. Bakin Dodo ya riga hankalinsa.

"Jama'a, ga Mode nan! Mode ya ga tuwo, ya sai da sarki!"

Fili ya kece da dariya. Mode ma ya miƙe a kan gurguwar ƙafarsa ya ƙame ya sara wa jama'a, don taubashi ba ya fushi da wasa, in ya yi ma shi za a yi wa dariya. Dodo ya ji daɗin shewar, ya ƙara gishiri, ya ƙara yaji. Ba a kai ga faifan ƙarshe ba hadari ya taso, iska ta yaye ƙyallen, kowa ya kama gabansa da sabuwar waƙa a baki.

Sai da Dodo ya kwanta ya tuna abin da bai kamata ya manta ba. A yaƙin Bama, Mode kaɗai ya dawo daga wani sintiri, hafsansa da abokansa duk suka halaka a daji. Shekaru ana tsegumi a ƙasa-ƙasa cewa gudu ya yi ya bar su. Da ƙyar zancen ya kwanta, har ga shi tsofaffin sojoji sun zaɓe shi ya riƙe tuta a gabansu ranar fareti.

Yanzu ga bangon sito yana nuna masa sauran labarin. Ashe hafsan nan dabara ya yi. Ya zauna cikin abokan gaba har suka sake da shi, ya saci mabuɗi, ya kwance wa sarkinsa sarƙa, ya ɗora shi a doki. Sa'an nan ya mayar da kakinsa, ya tsaya shi kaɗai a bakin wata gada ya tare masu bi, har harsashi ya kayar da shi. Dodo ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Jibrin, ka gani? Wallahi mutumin kirki na! Yau da magariba zan wanke Mode tas, sai an ɗauke shi bisa kahwaɗa."

Jibrin ya kashe inji yana sosa ƙeya. "Wace magariba? Motar Ƙwanni na nan waje, shi taka jira."

Dodo ya fita a guje ya tarar da Malam Siddiƙu, shugaban ofishin, yana duba wasu sababbin faifai. Ya durƙusa ya gaida shi, ya roƙa a bar majigin ya ƙara kwana ɗaya.

"Ba namu ba na, Dodo. Aro munka yi, masu shi sun aiko," in ji Malam Siddiƙu. "Kuma daga yau har ranar biki sai majigin tuta da na yadda za a yi fareti. Ai jiya ka yi ƙoƙari, har gida anka ba ni labari."

"Ranka shi daɗe, jama'a rabi sunka gani."

"Rabin ya ishe su dariya. Mi kaka so kuma?"

 Ina Dodo zai fara? Ya ce majigin Faransawa ya taɓa mutuncin mai awon gero? Yana tsaye aka ɗaure akwatin a bayan mota aka rufe da tamfal.

Ya bi ta kasuwa ko zai ga Mode. Rumfar tana nan, buhunan gero a ɗaure, tabarma a naɗe. Maƙwabtan rumfar suna ganinsa suka hau tafi. Wani ya ce tun da safe ba wanda ya kira Mode da sunansa sai Mai Sai Da Sarki. Wani kuma, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce ai daman magana ba ta fitowa banza, ɗan'uwansa ne ya faɗa, shi ya san ciki. Dodo ya tsaya ya rantse musu cewa a ƙarshen majigin hafsan nan gwarzo ne. Suka ƙara fashewa da dariya, suna cewa Dodo ba ka rabo da abin dariya. Bai taɓa jin yabo ya yi masa ɗaci haka ba.

A ƙofar gidan Mode ya yi sallama. Juwairiyya, matar Mode, ta leƙo daga bayan asabari. Ita da kullum take tare shi da tsokana, yau gaisuwa kawai ta yi, ta ce maigidan yana zaure na ciki.

"Ya aika ma tsohin sojoji su nemi wani mai tuta," in ji ta. "Wai ƙahwa ta matsa mai. Ni dai ban ga abin da ƙahwar ta yi ba, Malam Dodo, jiya da ita yat tahi kallo."

Mode yana zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafar, kakin faretin da aka yi wa guga yana rataye a ƙusa. Ya ɗago kai ya yi murmushi.

"A'a, bawana ya zo gaida ubangiji nai. Zamna."

Dodo ya zauna. Haƙuri ya zo ya bayar, amma maganar ta maƙale. Tsakanin taubasai ba a ba da haƙuri. In ya ce yi haƙuri, ya nuna ke nan abin ba wasa ba ne, ya tabbatar da abin da kasuwa ke faɗa. Don haka ya yi abin da ya iya.

"Mode, na ga ƙarshen majigin ga. Bari in ba ka."

Ya ba shi. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa ba da labari irin na yau ba, ba lasifika, ba shewa, mutum ɗaya ne a gabansa. Ya kwaikwayi ƙarar sarƙa, ya yi sukuwar doki da tafin hannu a cinya, ya miƙe ya tsaya a bakin gadar. Da ya zo wurin da hafsan ke ɓalla maɓallan kakinsa, muryarsa ta yi rawa, ba kuma da gangan ba. Mode bai katse shi ba. Idonsa na kan tabarma, yatsunsa na wasa da carbi.

"Ka ga ke nan sunanka na ba gwarzo," in ji Dodo. "Zan bi rumhuna in hwaɗi, zan hwaɗi a lasihika. Ka riƙe tutarka, don Allah."

"Wa ag gani in ba kai ba?"

"Da Jibrin."

"Kai da ba ka jin Faransanci, Dodo. Duk Sakkwato an san kai ka saka masu magana a baki. Jiya sun yarda don sun gani da idonsu. Yau cewa za su yi tausai na kaka ji." Ya faɗa ba da zafi ba, da ma da zafin ne da Dodo ya fi samun sauƙi. "Ni ma shekara nawa ina ba da ƙarshen nawa labarin. Ba wanda yag gani."

 Daga nesa ana jin badujala, 'yan doka suna gwajin fareti. Dodo ya yi nadamar da bai taɓa yi ba, ya ji da ma iskar jiya ta taso tun kafin ya buɗe baki.

Can Mode ya ɗago. "Hafsan nan naka, ya mutu?"

"Ya mutu. Da kaki nai, a bakin gada."

Mode ya gyaɗa kai a hankali, ya jawo ƙafarsa.

"To ya huta," in ji shi. "Shi bai tahi kasuwa da sahe ba."