Takardar da Baban Joy Ya Sa wa Leda

Shekara biyu ke nan da maigidana Andarawus ya sayo a-kori-kura daga Kwatano, fara, 'yar Beljiyam. A aljihun gaban motar ya tsinci wata takarda mai jan layi a gefe, ga tambari, ga lambar jikin mota, rubutun duk Faransanci. Shi kuwa Baban Joy, kamar yadda nake kiransa, tambaya ciwo ce a wurinsa. Shi kaɗai ya yanke hukunci cewa shaidar inganci ce daga Turai. Ya kai aka manne ta da leda, ya haɗa ta da takardun mota. Duk inda 'yan sanda suka tsayar da shi a hanya ita yake fara miƙawa, yana wani ɗaga kafaɗa. "Orijina ce, yallaɓai." Su juya ta gaba da baya, su miƙo masa abarsa.

Ranar wata Alhamis ya tafi Kaboji ɗauko matan Zumunta da za su zo taron godiyar kaka a cocinmu na Kontagora. Mata goma sha huɗu, har da Mama da ta haife shi, ga buhunan masara da dawa. Ni ya bar min kwafin takardun in kai a sabunta. Na ajiye su a kan teburina a kasuwa ina auna wake, sai ga Malam Baƙo, mai koyar da Faransanci a sakandare. Ya zo sayen mudu biyu, idonsa ya faɗa kan takardar.

"Maman Joy, wannan ta wace mota ce?"

"Tamu mana, Malam. Shaidar Turai ce."

Ya ɗauka ya karanta, ya sake karantawa. "An kai ta an gyara?"

"Gyaran me?"

Ya ce kamfanin da ya ƙera ta ne ya rubuta wa Baturen da ya fara sayen motar, wai ya maido ta da gaggawa. Bututun man birki na baya yana gogar ƙarfe duk lokacin da aka yi mata lodi mai nauyi, wata rana zai fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Ko Baturen ya kai ta, ko sayarwa ya yi ya huta, takardar ba ta faɗa ba.

Wayyo Allah! Mudun ya suɓuce daga hannuna. Na kira Baban Joy sau biyar, wayar tana ta ƙara, bai ɗauka ba. Na san halinsa, in yana ɗaure kaya ko gobara ake ba ya ji. Na kira Christiana, shugabar matan.

"Kuna ina?"

"Mun hau, yanzu za mu tashi."

"Ku sauka! Duk ku sauka, ki ba shi wayar!"

Ya karɓa yana huci. "Maman Joy, lafiya? Shekara biyu ina tuƙa motar nan, yau ne za ta zama abin tsoro? Rana tana yi."

Ranar na manta da ladabi. Na ce masa in ya kunna motar nan da uwarsa a baya, kada ya neme ni a gida. Ya ce malamin makaranta me ya sani a mota. Na ce shi da ya sani, ya karanta min layi ɗaya. Sai na jiyo muryar Mama daga nesa tana cewa a kama ta ta sauka. Daga baya aka ba ni labari, tana sauka ta je gaban motar ta shimfiɗa zaninta ta zauna.

Na bar wa maƙwabciyata rumfa, na ruga garejin Maiturare. Sunan kawai ne, mutumin warin baƙin mai yake tun daga bakin titi, amma a birki babu na biyunsa. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, muka hau babur. Hanyar Kaboji ban taɓa jin tsawonta irin na ranar ba. Kowace kwana muka sha sai in leƙa, ina tsoron in hango farar mota a kife, don na san taurin kan mijina.

Muna shiga gari na hango ta a tsaye gaban coci, da buhunanta a kai. Na ce na gode Yesu da ƙarfi, har Maiturare ya waiwayo.

Bai gaisa da kowa ba, ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Can ya ce, "Oga Andarawus, zo ka gani." Baban Joy ya durƙusa. Maiturare ya ce wani ya taka birki. John direban coci ya shiga ya taka sau ɗaya, sau biyu. A na uku mai ya yi tsartuwa, ya wanke wa Maiturare goshi, ƙafar John ta tafi har ƙasa.

"Da ba ku kai gada ta farko ba," in ji Maiturare, yana share fuska.

Na tanadi faɗan da zan yi tun daga Kontagora, kalma bayan kalma. Amma na ga mijina ya zauna daɓas a ƙasa, babban mutum da shi. Matan suna gindin mangwaro suna ɓare gyaɗa, suna gardamar wadda za ta zauna gaba in an gama gyara. Ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ja jiki zuwa inda Mama take zaune, ya kifa kansa a kan gwiwarta.

Ta ɗora masa hannu a ƙeya. "Tashi, Andarawus, mutane suna kallo," ta ce. "Ga ni nan, ban je ko'ina ba."