Cikin Zamfira na Uku

"Riƙe mata kai, Nelu! Kada ta ciji harshe!"

Tsohuwa Paraschiva na durƙushe a madafin maƙwabciyarta Zamfira, wadda ke kwance a ƙasa tana jijjiga da cikin wata takwas. Nelu, mijin, ya tsaya a bakin ƙofa da ɓawon kifi a hannu, ya kasa motsi.

"Kai nake wa magana! Kurma ne kai?"

Mako biyu ke nan da wata likita a birnin Tulcea ta ce a kwantar da Zamfira a asibiti. Jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, ga aiki har sau biyu a haihuwar baya. Da ta dawo, a bakin shinge ta ba da labarin tana dariya.

"Inna, wata guda a gadon asibiti? Wa zan bar wa yara? Nelu? Mutumin da ko ƙwai ya dafa sai ya ƙone?"

Paraschiva ma ta yi dariya ranar. Har cewa ta yi, mu da muka haihu a gida mun mutu ne?

Ƙauyen ba hanyar mota, sai kogi. Yau ga shi a bargo suka ɗauki Zamfira zuwa kwalekwalen Nelu. Sai a ja na huɗu injin ya tashi. Kafin su bar gaɓa Zamfira ta buɗe ido.

"Inna, yara za su taso daga makaranta."

"Ina nan. Yi shiru."

Paraschiva ta koma gida, ta kasa zama. Ta fito bakin ruwa, ta koma. Ta share tsakar gidan Zamfira, ta sake sharewa. Ta zuba wa kaji hatsi, ta manta ta zuba, ta ƙara. Duk ƙarar injin da ta ji sai ta leƙa.

Bayan azahar waya ta yi ƙara.

"An ciro yaro, Inna," in ji Nelu. "Yana numfashi."

"Ita fa?"

Sai ƙarar takalman mutane take ji ta wayar.

"Jinin ya ƙi tsayawa."

Paraschiva ta dafa bango. "An riƙa mata kyandir kafin ta cika?" A al'adarsu, ba a barin mutum ya mutu babu hasken kyandir.

"Ba su bar ni na shiga ba."

Ta ciro kyandir daga bayan hoton waliyyi, ta kunna a tagar Zamfira. Rana ta yi yawa, da ƙyar ake ganin wutar. Daga can kan hanya ta jiyo 'yan matan Zamfira biyu suna tahowa, suna gardamar wa ya riga wani zuwa ƙofa.